Tsohuwar na'urar fimbol ta 1976: in tayar da ita yadda take, ko in kwashe cikinta in sa kwamfuta?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa buga fimbol na gaske ce, wato teburin wasan nan mai gangare da ake dukan ƙwallon ƙarfe a cikinsa a tara maki, wanda ake tsayawa a gabansa a dafa shi da hannu biyu, ba na cikin waya ba.

Bayan rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa, magada suka ce a kwashe kayan da ke sito na bayan gidansa a Sabon Gari, za a gyara ɗakin a sa haya. Can ƙurya, ƙarƙashin tsofaffin katifu da kwanon rufi, muka tarar da wani dogon akwatin katako mai gilashi a sama. An kwance ƙafafunsa na ƙarfe an jingine a bango, kansa kuma an ajiye shi daban an lulluɓe da bargo. 'Ya'yan gidan suka ce tun suna ƙanana suke ganinsa, kawu ya saye shi ne a hannun wani Bature malamin jami'a da zai koma ƙasarsu. Kafin mu gama share ƙura wani ɗan gwangwan ya leƙa ciki, ya ga jan waya, nan take ya taya. Raina bai ba ni ba. Na biya magada abin da ya taya har da ƙari, muka ɗora a a-kori-kura zuwa shagona.

A jikin gilashin kan an rubuta Target Alpha, da sunan kamfanin Gottlieb. Takardun da ke ciki sun nuna 1976. Mutum huɗu ke iya bugawa, kowa da jerin tayoyin lambarsa masu juyawa. A filin wasan akwai 'yan alluna 15 a tsaye, 10 a jere can sama, 5 a gefe, waɗanda idan ƙwallo ta daki ɗaya sai ya nutse ƙasa. Filifa huɗu ne, wato hannayen da ake dukan ƙwallo da su, biyu a ƙasa biyu a sama.

Abin da ya tsayar da ni shi ne da na ɗaga filin na leƙa ƙarƙashi. Sana'ata naɗin koyil ce, fanka da injin markaɗe da sitabilaiza su ne abincina, amma ban taɓa ganin irin wannan aiki ba. Babu allon lantarki ko guda, babu ko tiransisto ɗaya. Rile ne, wato makunnan da wuta ke buɗewa da rufewa, a jere sahu-sahu, kowanne da lakabinsa, da koyil manya da ƙanana, da ɗaurin wayoyi masu launi iri-iri da aka ɗaure su tsaf da zare. A tsakiya akwai mota guda mai faya-faye masu haƙora, makunnai sun kewaye ta hawa-hawa. A gefe ga sandunan ƙarfe uku, kowanne da koyil a ƙarƙashinsa, na ƙyasta su da farce na ji kowanne da irin muryarsa. Kusa da ƙofa kuma wani dunƙulen ƙarfe ne yake reto a cikin zobe. Taswirar wayoyin ma tana nan a naɗe, ɓera ya ɗan ci gefe ɗaya amma ana karantawa.

Ban jona ta a wuta ba tukuna. Robobin duk sun bushe, da ka taɓa sai su marmashe. Ƙwallon ta yi tsatsa. Gara kuwa Allah ya tsare, ba ta taɓa katakon ba.

To ga inda nake neman shawara. Wani abokina mai gidan gem a Samaru ya zo ya gani, ya ce kada in wahalar da kaina. In kwashe kayan cikin in sayar, a shimfiɗa babbar talabijin a madadin filin, a sa kwamfuta a ƙarƙashi, sai a samu tebura ɗaruruwa a cikin akwati ɗaya, kuma shi zai saya. Maganarsa akwai lissafi a ciki, ban raina ta ba. Amma duk lokacin da na kalli ɗaurin wayoyin nan sai in ji ba zan iya sa almakashi a kansu ba. Wani ne ya zauna ya yi wannan da hannunsa, kuma shekara kusan 50 babu abin da ya kwance.

Sai dai sha'awar mai gyara daban, ta mai wasa daban. Ku da kuka buga irin wannan, shin wasan yana da daɗi? Mutum yakan buga ya so ya sake, ko kuwa sau biyu ka buga ka gama ganin abin da ke ciki? In kuma akwai wanda ya san hannunta, me zan fara dubawa kafin in ba ta wuta?

Ɗalibi daga Samaru:

Wa alaikumus salam Oga. Ni dai fimbol da na sani shi ne Space Cadet na cikin Windows XP, wanda muke bugawa a kafe in intanet ta tsaya. Shi ma don babu abin yi ne. Na kalli bidiyon irin naka a YouTube, gaskiya ban ga abin da zai riƙe mutum ba. Babu kiɗa, babu magana, babu mataki na gaba da za ka haura, ƙwallo ce kawai tana gangarowa kana mayar da ita. Yaran yanzu da suka saba da PS ba za su bar ƙwallon ƙafa su zo su tsaya a nan ba.

Sannan ka duba wahala. Abu in ya lalace ina za ka samu kayansa a Zariya? Ko a Kano ban jin akwai. In kasuwa kake so, maganar abokinka ita ce. In kuma ajiye ta za ka yi don tarihi, wannan daban, amma ka san kuɗi za ta ci ba za ta kawo ba.

Dattijon Gyallesu:

Ɗana, Allah ya jiƙan kawunka, ya kai haske kabarinsa. Kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka hana a fasa ta.

Na buga irin waɗannan sosai lokacin da aka tura mu kwas Ingila a ƙarshen shekarun 1970. Akwai su a ɗakin hutun ɗalibai da shagunan shan shayi, na Gottlieb da na Williams da na Bally. Jikana ne ya nuna mini tambayarka, shi yake rubuta mini, don haka ka yi haƙuri in na yi tsawo.

Yaron da ya yi magana a sama bai yi ƙarya ba a kan abin da ya gani, amma kallo ya yi. Wannan wasa ba ya shiga ta ido, sai ta tafin hannu. Idan ƙwallon ƙarfe ta daki bamfa, wato ɗan turken da ke fatali da ita, kana jin bugun a jikin katakon da ka dafa. Idan ka matsa maɓalli koyil ya fizgi filifa, kana jin ƙarfinsa har gwiwar hannu. Talabijin za ta nuna maka hoton wannan, ba za ta ba ka shi ba.

Duk sabon shiga abu guda yake yi: da ya ga ƙwallo ta nufo ƙasa sai ya riƙa kaɗa filifa biyu a tare, ba ji ba gani. To idan duka biyun suka tashi, ratar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi, ƙwallo ta zurma. Shi ya sa yake cewa wasan sa'a ne. Ranar da mutum ya fara koyo ita ce ranar da ya ɗaga filifa ɗaya ya riƙe, ya bar ƙwallo ta gangaro ta kwanta a gindinsa, ta tsaya cak. Daga nan kai ke da iko. Ka numfasa, ka dubi allon da kake so, ka saki filifa ƙwallo ta fara mirginowa. In ka buga da wuri, tana kusa da gindi, za ta miƙe sama ta ɓangarenka. In ka jira ta kai baki, za ta tsallaka ɗaya ɓangaren. Tsakanin waɗannan biyu ƙiftawar ido ce, kuma a nan gwaninta take duka.

Naka kuwa ka yi dace, domin irin teburin nan mai alluna 15 na masu saiti ne. Wanda ya tsara shi, Ed Krynski, shi ya tsara yawancin teburan Gottlieb na wancan zamani, kuma wannan shimfiɗa ta karɓu har suka fitar da ita da sunaye daban-daban. El Dorado na 1975 shi ne na mutum ɗaya, Solar City na mutum biyu, naka na mutum huɗu. Da farkon ƙwallo abin da sauƙi, duk inda ka harba sama sai ka sami allo. Amma kowane allo da ka kayar, abin harbinka raguwa yake yi. In ya rage saura biyu, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, sai ka ga mutum ya yi shiru, gumi na tsattsafo masa. Wasan da kansa yake ƙara maka wuya daidai gwargwadon ƙwazonka, ba tare da wata kwamfuta ta shirya hakan ba. Ni wannan ne ya riƙe ni.

Sai girgiza. Dunƙulen da ka gani yana reto a zobe shi ne alƙalin wasan. An yarda ka ɗan tura akwatin da hannu don ka karkatar da ƙwallo in ta nufi lungun gefe, wannan ba maguɗi ba ne, cikin wasan yake. Amma in ka wuce gona da iri dunƙulen ya taɓa zoben, sai TILT ta kama a gilashi, filifa su mutu, kana kallo ƙwallonka ta tafi. Akwai wani abokin karatunmu mai ƙarfin gaske, kullum shi ke fara fita, ga kuma wani siriri da ba ka ma ganin motsin hannunsa amma ƙwallo sai ta kauce wa rami. Turawa kaɗan a kan lokaci ta fi jijjiga.

Sandunan nan uku da ka ƙyasta ƙararrawa ce, kuma ba ado ba ce. Ɗaya ta goma-goma, ɗaya ta ɗari-ɗari, ɗaya ta dubu-dubu. Mai wasa ba ya ɗaga kai ya dubi lamba, da kunne yake sanin abin da ya samu. In ka ci 500 za ka ji bugu biyar a jere, domin motar nan ce take juyawa tana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka sani, in tana tsakiyar ƙirga ka sake dukan wani abu mai irin wannan maki, wani lokaci ba za a ba ka ba, hannunta a cike yake. Sababbi sukan ce ta cuce su. Mu mun san halinta ne, mun karɓa.

Amma kada in yi maka zaƙin baki kawai. Akwai ƙwallon da za ka harba ta sauko ta shige lungu ba ka ko taɓa ta ba, kuma babu wanda zai mayar maka. Wasa kan ƙare da wuri. Sa'a tana da kaso a ciki fiye da na teburan zamani. Sannan ni a raina na fi son na mutum ɗaya, saboda shi yana riƙe abin da ka kayar daga ƙwallo zuwa ƙwallo, kana gini a kan gini. Na mutum huɗu ba shi da ƙwaƙwalwar da zai tuna wa kowa nasa, don haka kowace ƙwallo alluna tashi suke yi a koma farko. Wanda zai buga shi kaɗai a ɗaki zai fi jin daɗin El Dorado. Amma a bakin shago, inda abokai za su jeru kowa yana jiran layinsa, ana tsiya ana dariya, naka ne daidai.

Kada ka sa mata almakashi, ɗana. Akwatin talabijin kowane kafinta a Sabon Gari zai haɗa wa abokinka da sabon katako.

Maman Yara, Kongo:

Malam, ni ban san kan wasan ba, amma bari in faɗi abin da ya tsaya mini. Wannan ba ita ce kalo-kalo ba? Da muna yara iyayenmu har duka suke yi in sun ji yaro ya je inda ake jefa kwabo a inji. Yanzu ga shi muna fama da cacar ƙwallo a waya, ta cinye samari da yawa a unguwarmu, wani har kuɗin makarantarsa. In ka ajiye wannan a bakin shago, yara za su taru, kuɗin aike zai fara ɓata, lokacin salla ya wuce suna tsaye. Ba hana ka nake yi ba, kayanka ne. Amma ka yi tunanin wannan kafin ka fito da ita waje.

Injiniya daga Palladan:

Hajiya, tambayarki a kan hanya take, domin a Amurka, ƙasar da aka ƙera abin, ma an daɗe ana wannan rigima. Na farko-farkon, irin Baffle Ball na 1931, ba su da filifa sam. Ka harba ƙwallo ka zuba ido, inda ta faɗa shi ke nan, wasu kuma har kuɗi suke biya. Saboda haka a 1942 magajin garin Niyu Yok, La Guardia, ya haramta su, 'yan sanda suka riƙa kwashewa ana farfasawa da guduma. Filifa bai shigo ba sai 1947, a teburin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty, kuma shi ya mayar da abin wasan hannu. Duk da haka dokar ba ta tashi ba sai 1976, shekarar da aka yi na Malam, bayan wani matashi Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin, yana faɗin inda zai aika ƙwallo kafin ya aika. Tebur biyu aka kai zauren ranar, ɗaya daga ciki El Dorado ne da Baba ya ambata, amma a kan ɗayan, Bank Shot, aka sa shi ya buga.

Wannan na Malam ba ta da aljihun fitar da kuɗi. Iyakar abin da take bayarwa wasan kyauta ne in ka kai wani maki, sai ka ji wata guduma ta ƙwanƙwasa katako da ƙarfi. Abu ɗaya ne a cikinta na sa'a tsantsa: a ƙarshen wasa wata lamba takan kama a gilashi, in ta dace da ƙarshen makinka a ba ka wasa. Akwai fulogi a ciki da ake cire wannan da shi. Ramin kuɗin ma ana iya kashe shi. In mutane suka sa kuɗi a tsakaninsu kuwa, wannan ko a kan ludo za su iya, hukuncinsa na malamai ne. Maganar yara da lokacin salla dai gaskiya ce, tana wuyan mai shago.

Malam, yanzu aikinmu. Ka yi daidai da ba ka jona ba. Fara da taransifoma. Wutar Amurka volt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Waɗanda aka yi don kai wa Turai suna da wurin jona 220 a jiki, ka duba inda wayar take ka gwada da taswira. In ta Amurka ce zalla sai ka nemi mai rage wuta mai ƙarfi, ba irin ƙananan nan na caji ba. Motar ma ka karanta jikinta: in an rubuta 60 Hz ne, wato saurin jujjuyawar wuta, a wutarmu ta 50 Hz za ta yi aiki amma a hankali, za ta rage kamar kashi ɗaya cikin shida, ƙirga ya ɗan yi nawa. Ba lalacewa ba ce. Ka sauya wayar wuta gaba ɗaya, ka sa mai ƙafa uku, ka haɗa ƙarafunan jiki da ƙasa, tunda mutane da hannu biyu suke dafa ta. Yawancin koyil na Gottlieb wajen volt 25 suke ci, fitilu volt 6, amma kada wannan ya sa ka sake, akwai sassan da wutar layi ke bi kai tsaye. Fiyus kuma kowanne ka cire ka karanta, ka gwada da abin da aka rubuta a gefensa. In ka ga an naɗa waya a madadinsa, ka cire.

Abin da na fi jin tsoro a hannun masu gyaranmu shi ne feshi. Don Allah kada ka fesa mata komai, ko man wanke makunni ko mai kwance tsatsa, balle fetur. Makunnan nan tartsatsi suke yi a buɗe, akwatin kuma katako ne da ya shekara yana bushewa, gobara ba ta da wuya. Sandar da ke shiga cikin koyil ba a sa mata mai, a bushe take aiki, in ka sa sai ƙura ta kama ta zama danƙo. Inda tsohon giris ya daskare a jikin haƙoran da ke taka mataki, kwancewa ake yi a wanke a waje, a bar shi ya bushe, a shafa ɗan kaɗan.

Makunnan su ne ran na'urar, kuma duk wanda ya taɓa gyara kwantak ɗin tsohuwar Fijo 504 ya san aikin: baki biyu su haɗu sosai, su rabu sosai, su kasance da tsabta. Amma kafin ka lanƙwasa ko ɗaya, ka bi sukurorin da suka matse su ka ɗaure, ka fara da na kusa da bakin. Abin da aka jera a tsakaninsu yana ƙanƙancewa in ya bushe, to ka ƙiyasta hunturun Zariya nawa ya wuce a kanta. Sau da yawa ɗaurewar kaɗai ke mayar da rata daidai. Wanda ya fara da lanƙwasa duk abin da ya gani, shi ke mayar da cuta ɗaya ta zama ashirin.

In ka kunna ka matsa maɓallin farawa ka ji mota tana ta juyawa ba ta tsayawa, kada hankalinka ya tashi, wannan ita ce cutar da ta fi yawa. Na'urar tana jira ne kowace tayar lamba ta koma sifili ta shaida mata. In ɗaya ta maƙale, ko makunnin sifilinta ya yi datti, haka za ta yi ta jira. Ka duba kuma makunnin da ke ƙarshen tafiyar kowane filifa. Koyil ɗinsa naɗi biyu ne, mai ƙarfi na fizga da mai sanyi na riƙewa, kuma wannan makunni ne ke buɗewa ya sauya. In bai buɗe ba, mai wasa ya riƙe ƙwallo yadda Baba ya koyar, koyil zai ƙone. Ko da yake wannan kai ba zai gagare ka ba, naɗi sana'arka ce. Ka ƙirga zagayen ka auna kaurin wayar kafin ka warware.

Gilashin kai kuwa kada ruwa ko tsumma su taɓa bayansa. Fentin a baya yake, in ya fara ɓarewa babu mai mayar da shi. Fitilun bayansa in ka samu lamba 47 sun fi 44 sauƙin zafi. Tsohuwar ƙwallon nan kuma kada ta sake hawa filin, tsatsarta za ta kankare zanen.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Injiniya, na bi maganarka tiryan-tiryan.

Taransifomar tana da wurin 220, kuma a nan wayar take, ashe Baturen ya riga ya daidaita ta. Fiyus ɗaya na samu an naɗe shi da takardar sigari, na sauya. Sukurorin makunnai kuwa kusan kowanne sai da ya karɓi juyi. Da na kunna, fitilu suka kama, na matsa maɓalli, mota ta ɗauka ba ta tsaya ba, daidai yadda ka ce. Tayar ɗari-ɗari ta ɗan wasa na uku ce ta tsaya a kan 7, giris ya riƙe ta. Na kwance na wanke na mayar. Da na sake matsawa, tayoyin suka yi ta ƙaf-ƙaf-ƙaf har kowacce ta sauka a sifili, allunan 15 suka miƙe da ƙara guda, mota ta tsaya, ƙwallo ta fito. Yaran shagona sai da suka yi kabbara.

Na ɗaura robobin wucin gadi daga masu kayan famfo, na goge tsohuwar ƙwallon da samfefa mai laushi na gwada a kan filin da na shafe da kakin mota, sannan na cire ta kamar yadda aka ce. Amma wannan ɗan gwajin ya isa in ji abin da Baba yake nufi. Na riƙe ƙwallo a filifa na dama, na nufi allon ƙarshe na hagu, na jira ta kai baki na buga, ya nutse. Hannuna har rawa yake.

Ra'ayi dai ya rabu. Abokina na Samaru ya buga, ya ce akwai daɗi amma ba ta gidan gem ba ce, abin da sai mai gyara yana kusa ba ya son sa, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙanena ɗalibi, cikin yarana biyu ɗaya ra'ayinka gare shi, ya buga ya koma kan wayarsa. Ɗayan kuwa sai da na kore shi ya koma kan fankar mutane. Wanda ya fi kowa iyawa tela ne maƙwabcina, dattijo mai sanyin hannu, bai taɓa ganin irinta ba amma shi ya fara gane riƙe ƙwallo ba a gaya masa ba.

Ba zan kwashe cikinta ba. Hajiya, na ji maganarki kuma na ɗauka. Na kashe ramin kuɗi, na cire fulogin lambar sa'a, kuma a cikin shago za ta zauna ba a waje ba. Da an kira salla ana kashe ta.

Saura ƙwallo da roba. Masu boris a kasuwar Sabon Gari suna da ƙwallaye manya, wane girma zan nema? Sannan ƙafafun suna da noti na ɗagawa a ƙasa, yaya gangaren ya kamata ya kasance?

Injiniya daga Palladan:

Madalla. Ƙwallo inci ɗaya da kashi ɗaya cikin 16 ce, wato milimita 27, nauyinta wajen giram 80. Tafi da abin awo, kada ka karɓi ta 25 don an ce kusan ɗaya ne, ba za ta danna makunnan hanya yadda ya kamata ba. Ka zaɓi mai sheƙi wadda farce ba ya jin ƙurji a jikinta. Robar famfo ba ta da tsalle, kuma baƙar takan bar shaida a fili, don haka ka auna kowane zobe ka rubuta, a yi maka odar farare na fimbol saiti guda. Ba su da nauyi, duk mai dawowa daga waje zai riƙo maka a jaka.

Gangare kuma irin waɗannan tsofaffin ba sa son tsayi kamar na zamani da ake sa wa digiri 6 da rabi. Fara da wajen 4 zuwa 5, ka aza awon a kan katakon filin, ba a kan gilashi ba. Ka tabbatar hagu da dama sun daidaita kafin ka saita dunƙulen girgiza a tsakiyar zobensa. Ranar Asabar ina da aiki a PZ, zan biyo in ga taswirar, akwai gefen da ɓeran ya ci da nake so mu cike tun kafin a buƙace shi.